Yadda Na Zama Malam Ba-Ci-Ba

A garin nan in ka tsayar da mai keke ka ce ya kai ka gidan Malam Umaru malamin wasanni, sai ya tambaye ka wane Umarun. Amma ka ce masa gidan Ba-Ci-Ba, ko jiya ya fara tuƙi zai ajiye ka a ƙofar zaurena. Ban roƙi sunan nan ba, ba a kuma yanka rago a kansa ba. Mutanen Mubi ne suka raɗa mini shi a filin hoki, kyauta, da rana tsaka. Tunda kun ce kuna so ku koyi alƙalancin wasa, gara ku ji yadda ake samun irin wannan suna kafin ku taɓa usur.

Shekaranjiya ɗayanku ya nuna mini wani wasa a waya, wai hokin 'yan jami'a ne a ƙasar Turawa, a kan ƙanƙara. Samari sun watsar da sanduna suna kai wa juna naushi, alƙalan wasa suna ta fama da rabiya. Ya ce, "Malam, ka ga inda ake aikin wahala. Namu ai tsayawa ne kawai ka busa." Na karɓi wayar na duba da kyau. Layukansu a ƙarƙashin ƙanƙara suke, ba ruwan saman da zai wanke su, ba akuyar da za ta lashe. Tsakanin 'yan kallo da fili akwai gilashi. In gardama ta tashi sai alƙali ya je ya leƙa talabijin ya dawo. Kuma ba na jin washegari zai yi kiciɓis da uwar ɗan wasan da ya kora a wajen masu kayan miya. Na mayar masa da wayarsa, na ce Allah ya ba su haƙuri, lallai suna shan wuya.

Wanda ya koya mini aikin nan Baba Tizhe ne, tsohon soja, mutumin Kamwe. A bariki ya koyi ƙwallon gora, kamar yadda tsofaffi suke kiran hoki. Lokacin da aka ɗauke ni aiki a kwaleji ƙwallon ƙafa kaɗai na sani, ita ma sanin ɗan kallo. Aka ce akwai sanduna a sito, akwai kuma wani tsoho da yake zuwa yana koya wa ɗalibai, in riƙa binsa. Ranar farko na je da farar riga da sabon takalmi, ina jiran ya miƙo mini usur. Sai ya miƙo mini bokiti.

"Je gidan burodi, kawo toka," in ji shi. "Fari mai kyau. Kar ka kawo mai gawayi."

Zango guda na yi ina dakon toka. Ba mu da fenti, ko da muna da shi ƙasa ba ta riƙe fenti. Sai ka kafa ƙusa a gindin tirken raga, ka ɗaura igiya, ka ja ta ka zagaya a duƙe kana yayyafa toka, har ka fitar da rabin da'ira a gaban ragar. Ka yi wa ɗaya ragar ma haka. Ina tsammanin horon raini tsohon yake yi mini, ashe zuciyar wasan ce ya damƙa a hannuna. A hoki ba a cin gida sai mai kai hari ya taɓa ƙwallo da sandarsa a cikin da'irar nan. In daga waje ya bugo, ko ragar ta yage, ko katakon da ke bayanta ya tsage, ba ci ba ne. Ku riƙe wannan, don a kansa aka sauya mini suna.

Da ya ga bayana ya saba da duƙawa sai ya ba ni usur, na ƙarfe, mai ɗan ƙwaya a ciki wadda take kumbura in damina ta yi nisa. Na cafke shi da haƙori kamar na samu rake. Ba a yi nisa da wasa ba ya tsayar da kowa, ya tako har gabana.

"Umaru, usur ba abinci ba ne. Cire shi a baki."

A hannu ake riƙe shi. Tafiyar da hannu zai yi daga cinya zuwa baki, a cikinta ne kanka zai tambayi idonka ko abin da ya gani gaskiya ne. Katunan ma ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne, uku ne: kore mai kusurwa uku, rawaya mai kusurwa huɗu, ja kuma zagayayye. An yi su haka don ka laluba aljihu ka zaro wanda kake so ba tare da ka ɗauke ido daga kan mutum ba. Mutumin da za ka kora sanda ce a hannunsa, ba ya son ka ba shi ƙeya, kai ma bai kamata ka so ba.

Akwai wani wasa da na yi a farkon fitowata, ƙwallo ta daki wani ɗalibi a idon sawu har na ji ƙarar daga inda nake. Ƙwallon hoki kamar dutse take, kuma in ta taɓa ƙafarka laifi ne. Na busa. Yaron ya taho yana tsalle da ƙafa ɗaya, hawaye na zuba, yana cewa, "Wallahi, Malam, bai taɓa ni ba!" Na ce to me ya same ka? Ya ce tun daga gida yake ɗingishi. Waɗannan su ne abokan cinikinmu. Ba wanda ya taɓa yin laifi a cikinsu tun da nake. Kuma a garin nan in rai ya ɓaci kowa harshen uwarsa yake komawa. Wannan ya zage ka da Fulatanci, wancan da Gude, na ukun da Kamwe. Dole ka san zagi a kowanne, ba don ka rama ba, don ka san wanda za ka zaro wa kati da wanda za ka kurumce wa.

'Yan wasa duk da haka masu sauƙi ne, sun dai san dokar da suke karyawa. 'Yan kallo ne ciwon kai. Duk wanda ya zo kallon hoki a Mubi da dokar ƙwallon ƙafa yake zuwa a aljihu. Za ka ji ana ihun satar gida, alhali a wasanmu babu satar gida. Mutum bai taɓa riƙe sanda ba sai ta korar awaki, amma ya fi ka sanin inda ka yi kuskure, kuma yana da murya.

Abu na ƙarshe da Baba Tizhe ya koya mini shi ne alƙalai biyu ne a hoki, kowa da da'irarsa. Abin da ya faru a taka, kai kaɗai za ka yanke. Ɗan'uwanka ba zai busa maka ba, ba zai warware maka ba, ko da ya haife ka. "Kowa da gidansa," in ji shi. "Na shiga naka, gobe ka shiga nawa, wasa ya mutu." A lokacin dokar ta yi mini daɗi ƙwarai, don ina ganin girma ce aka ba ni.

Yanzu ga ranar. Wasan ƙarshe ne na gasar kwaleji, 'yan sashen Noma da 'yan sashen Gini, wajen ƙarshen damina. An kwana ana ruwa, fili ya yi laushi. Ni da kaina na zuba toka da safe, amma kafin a dawo hutun rabin lokaci ƙafafu sun tattake ta, sai ɗan fari-fari nan da can. Shugaban kwaleji ya zo, karo na farko da ya taɓa zuwa kallon hoki, kuma shi asalinsa malamin Noma ne. An kafa masa rumfa. Jama'ar gari sun cika gefen fili har da masu tallar gyaɗa. Baba Tizhe yana can ɗaya ɓangaren, ni ina da'irar da 'yan Gini suke tsarewa.

Golan 'yan Gini wani yaro ne Bitrus, ɗan Muchalla, mai sanyin hali, in an yi hutu acaɓa yake yi tsakanin garinsu da nan, don haka rabin 'yan kallo ya taɓa goya su. Mai kai harin 'yan Noma kuwa Hamman ne, Bafulatani daga Sorau, dogo, in ya bugi ƙwallo sai ka ji kamar an sare itace. 'Yan Gini suna gaba da ci ɗaya, lokaci ya kusa cika. Sai ga Hamman ya taho da ƙwallo, ya yanke mutum biyu, ya iso bakin da'ira. Ƙafarsa ta hagu ta shiga ciki. Ƙwallon kuwa tana damansa, a waje, tsakaninta da layi kamar faɗin tafin hannu. Ina tsaye daidai wurin, kuma ni na zana layin, na san inda ya bi ko da toka ko babu. Ya ɗaga sanda ya zabga.

Bitrus ya ga abin da na gani. Gola mai hankali in ƙwallo ta taho daga wajen da'ira ba ya taɓa ta, don in ya tare ta dawo cikin mutane za a iya ci da gaske, in ta goge shi ta fita an samu bugun kwana. Haka Baba Tizhe ya koya masa. Sai yaron nan, a gaban shugaban kwaleji da rabin garin Mubi, ya ɗaga ƙafa a natse kamar mai ba wa kaza hanya. Ƙwallo ta wuce ta daki katako, ƙwas!

'Yan Noma suka ɓarke da sowa. Shugaba ya miƙe har hularsa ta karkace. Amma abin da ya fi shiga kunnena daga bayan ragar ya fito, daga magoya bayan Bitrus ɗin kansa. "Ya sayar! Bitrus ya sayar da wasa!" Ledar fiya wata ta fashe a bayansa, takalmi ya biyo. Ya juyo ya kalle ni ta cikin wayar hular kwanon nan da gola yake sawa.

Alamar ci, ka busa ka miƙa hannu biyu gaba, wajen tsakiyar fili. Alamar ba ci ba, ko busawa ba a yi, ka buɗe hannu biyu gefe da gefe. Usur yana hannuna, kuma a tafiyar nan daga cinya zuwa baki na ga komai sarai. In na miƙa gaba an tashi kunnen doki, shugaba ya ji daɗi, kowa ya tafi gida lafiya. Toka ta goge, ba mai iya ƙaryata ni. Mutum ɗaya kawai zai kwana a ciki, yaron da dubban idanu suka ga ya ɗaga ƙafa, kuma a gari irin namu wannan suna har 'ya'yansa sai sun gada. Na buɗe hannu.

Kan ka ce kwabo fili ya cika. Hamman ne ya fara isowa, yana nuna sawunsa a cikin laka.

"Malam, dubi! Ƙafana a ciki yake! Wallahi tallahi a ciki yake!"

"Ƙafarka a ciki take, Hamman. Ƙwallon ce a waje."

"To ni da ƙwallon ba tare muke ba?"

Wasu suka ruga wajen Baba Tizhe, wai babba ya zo ya gyara ɓarnar yaro. Tsohon ya harɗe hannu a baya, ya ce, "Ba gidana ba ne." Suka dawo kaina. Da ƙyar masu gadi suka fitar da ni, rigar nan fara ta koma ruwan ƙasa. A nan ne wani mai tallar rake ya fara rera "Ba-ci-ba! Ba-ci-ba!" yara suka amshe, suka raka ni da ita har bakin titi.

Aka kafa kwamiti. Na shiga na yi musu bayanin da'ira tiryan-tiryan, har da zane a allo. Suka saurara da kyau, mutanen kirki ne. Da na gama sai shugaban kwamitin ya gyara tabarau ya ce, "Malam Umaru, mun yarda doka haka take, ba mu ja da kai ba. Tambayarmu ɗaya ce. Kai ne alƙali, kuma ba ka riga ka yanke hukunci ba. To yaya aka yi gola ya san ba za ka ba da ci ba, har ya ɗaga ƙafa hankali kwance?"

Na ce ai ya san doka ne. Suka kalli juna. Wani ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin golan da ya kauce wa ƙwallo ba sai in an yi magana tun a gida. Aka kira Baba Tizhe, na ce to ga mai cetona ya zo. Aka tambaye shi me ya gani. Ya ce, "Idona yana gefena. Umaru ya ce waje, waje ne." Aka ce ba abin da Umaru ya ce aka tambaye shi ba. Ya ce shi ma ba abin da bai gani ba zai faɗa. Ya ɗauki hularsa ya fita. Da yamma ya zo gidana ya ce na yi aiki mai kyau, ya sha shayina kofi biyu.

Kwamiti bai same ni da laifi ba, bai kuma wanke ni ba. Abin da ya samu da laifi wasan ne. Aka ce duk wasan da ƙwallo za ta shiga raga a ce ba ci ba, fitina zai riƙa jawowa, a dakatar da shi tukuna. Filin kuma, tunda zai zauna ba aiki, aka ba sashen Noma su yi gonar gwaji. Sun rasa kofi sun samu fili. Damina ta gaba gyaɗa ta yi kyau sosai a da'irata, an ce tokar da na shekara ina zubawa ce ta gyara ƙasar.

Bitrus kuwa, waɗanda suka jefe shi da takalmi su ne suka ɗauke shi a kafaɗa. A wajen mutanenmu wanda ya sayar da wasa maci amana ne, amma wanda ya sayi alƙali don 'yan'uwansa, wannan ɗan gari ne mai wayo. Ya yi rantsuwa har ya gaji cewa ba abin da ya haɗa mu, sai aka ƙara yaba masa, wai yaron yana da riƙon sirri. Yau babban magini ne, da iyalinsa da mutuncinsa. Duk Kirsimeti sai ya aiko mini da zakara, maƙwabta su leƙo su ce, ikon Allah, har yanzu bai gama biya ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Ba hoki, sai aka riƙa tura ni busa ƙwallon ƙafa a unguwanni. Ko jifa na bayar sai an yi mini waƙar. Na je har Mugulbu ina cewa can ba a san ni ba, ina sauka daga babur wani tsoho ya ce, "A'a, yau Ba-Ci-Ba aka kawo mana? To a ɓoye raga." An taɓa sa ni shaidar ɗaurin aure, wani daga baya ya ce a yi sauri a shafa fatiha kafin in buɗe hannu. Ana dariya ina dariya, in na koma gida abinci ya ƙi shiga. Daga baya aka yi shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo kowa ya bar gari, da muka dawo gara ta gama da sandunan da ke sito. Baba Tizhe bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Usur ɗinsa ne wannan da kuke gani a wuyana.

Bara ina zaune a zaure sai ga sallama. Hamman ne, ya yi ƙiba, ya fara furfura, yanzu shi ne mai kula da wasanni a kwalejin. Shi ya yi ta bin ofis-ofis har aka dawo da rabin filin, ya samo sanduna, ya tara yara, ciki har da wasunku. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya shiga murza hula.

"Malam, za mu yi wasan farko da baƙi daga Yola. Sun zo da alƙali ɗaya. Babu wanda ya san aikin a garin nan sai kai."

"Ba ka tsoron a saye ni?"

"Ni ban taɓa cewa an saye ka ba. Na ce dai ƙafana a ciki yake."

Na je. Shi da kansa ya zuba toka, ya yi mata kauri kamar zai shuka wani abu a kai. Jama'a suka cika, yawancinsu ba su taɓa ganin hoki ba. Yaran Hamman suna gaba da ci ɗaya, wasa ya zo ƙarshe, sai wani ɗan Yola ya zabgo ƙwallo daga wajen da'ira. Golan Hamman, wanda Hamman ya koya wa aiki da bakinsa, ya ɗaga ƙafa. Ƙwas!

"Ya sayar!" in ji jama'a.

Na waiga. Ga Hamman yana gudu a gefen fili da tumbinsa, hula ta faɗi, yana ihu, "Useni, don Allah, Malam, buɗe hannu! Waje ne! Ƙwallon a waje yake! Kar ka duba ƙafa!"

Allah ya gani, na san hukuncin tun kafin ƙwallon ta isa raga. Amma hannun tsoho ba ya sauri. Na bar shi ya ƙara gudu kaɗan, sannan na buɗe.

Tsofaffin cikin taron suka tuna waƙar, yara suka koya nan take. Ina tattara katunana sai ga Hamman, fuskarsa ta sauya.

"Malam, ka ji abin da suke cewa? Wai yaya aka yi golana ya sani. Wai ni na saye ka."

"Na ji."

"Kai shaida ne ko goro ban ba ka ba."

"Ni shaida ne. Je ka gaya musu."

Ya dubi taron, ya dube ni. Bai je ba. Ya sunkuya ya ɗauki jakata, abin da bai taɓa yi ba, ya rako ni muka ratsa ta tsakiyarsu kafaɗa da kafaɗa, ana waƙa ana nuna mu. Sai da muka kai bakin titi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Haka ka yi ta ji duk shekarun nan?" Na ce a'a, yau da sauƙi, mu biyu ne.

To, kun ji. Usur zan ba ku in lokaci ya yi, katuna ma akwai. Sunan da za ku tashi da shi ne ba ni da iko a kai, jama'a ke bayarwa. Wanda har yanzu yake so, ga bokiti can a bayan ƙofa, gidan burodi yana nan inda yake. Fara mai kyau, kar ku kawo mini mai gawayi.